Gyambon Wani Tela: Yadda Ciwon Damuwa Ya Riƙe Warkewar Ƙafar Mai Ciwon Suga

Wanda wannan bayani ya shafa tela ne mai shekara 57, magidanci, wanda ya haura shekara talatin yana taka keken ɗinki. Na sakaya sunansa da unguwarsa. Ni ce nas ɗin da ke wanke masa ciwo a sashen masu gyambon suga, tun daga ranar da aka buɗe masa kati har fata ta rufe. Na ga ya dace a rubuta lamarinsa ne saboda duk abin da aka saba dubawa a ƙafar mai ciwon suga mun duba, mun same shi da dama-dama, amma gyambon ya yi wata biyu cur bai motsa ba. Abin da ya riƙe shi yana cikin zuciyar mutumin, wurin da ba mu saba kai hannu ba a ɗakin wankin ciwo.

Yadda ya zo mana

Kusan shekara goma ke nan da aka gano yana da ciwon suga nau'i na 2. Yana shan metformin da glibenclamide in da kuɗi, in ɗinki ya ja baya ya jingine. Tafin ƙafarsa ya daɗe yana masa zugi da daddare. Daga baya zugin ya lafa, ƙafar ta yi masa dum, shi kuwa ya ɗauka sauƙi ne ya samu, alhali jijiyoyin ji ne suka mutu. A gindin babban yatsan ƙafar dama, daidai inda yake danna feda, akwai kanta mai kauri. A ƙarƙashin irin wannan kantar nama ke dagargajewa a hankali mai ƙafar bai sani ba. Uwargidansa ce ta fara ganin jini-jini a silifas ɗinsa, ana gab da Sallah, lokacin da teloli ke kwana a shago.

Ya fara zuwa kemis, aka shafa masa aidin, aka fasa kafso aka barbaɗa. Wani abokin sana'a ya ce ai wannan ba ciwon asibiti ba ne, wani abu ya taka, aka shiga jiƙe-jiƙe da shafe-shafe. Duk wannan bai sauka daga kan keke ba, don ya karɓi kayan mutane. Sai da ƙafa ta kumbura ta fara wari babban ɗansa ya ɗauko shi.

Da likita ya yanke kantar da mataccen nama, gyambon ya fito fili: santimita 3 tsawo, 2.5 faɗi, ya zarce fata amma ƙarfen gwaji bai taɓa ƙashi ba, hoton ƙashin ma ya fito lafiya. A ma'aunin Wagner na tsananin gyambon ƙafa, wanda ke tafiya daga 0 zuwa 5, mataki na 2 ke nan. Bugun jini yana nan a bayan ƙafa da kuma bayan idon sawu, wato jini na isa wurin. Da aka dangwala masa siririn zaren gwaji mai nauyin giram 10 a tafin ƙafa, bai ji ko ɗaya ba. Akwai ja da ɗumi a gefen ciwon da 'yar mugunya. Gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan mutum na kusan wata uku, ya ba da kashi 11.2 cikin 100, alhali ana so yawancin masu ciwon su tsaya wajen 7.

Aka tsara abin da aka saba: maganin ƙwayoyin cuta na mako biyu, allurar insulin safe da yamma, wanki da ruwan gishirin asibiti, yanke kanta duk lokacin da ta taso, da kuma ɗauke nauyi daga kan ciwon. Wannan na ƙarshen shi ne uwa uba. Gyambon tafin ƙafa ba ya rufewa matuƙar ana taka shi. Hanya mafi inganci ita ce filastar da ke rungume ƙafa gaba ɗaya, wadda majinyaci ba zai iya cirewa ba. A gwajin da David Armstrong da abokan aikinsa suka wallafa a 2001, kusan kashi 90 cikin 100 na masu irin wannan filastar sun warke cikin mako 12, masu takalmin da ake iya cirewa kuma kashi 65. Amma ba a rufe ƙafa mai mugunya cikin filasta, telan ma kuma ya ce sam. Sai aka ba shi babban takalmi mai maɗauri da sandar dogarawa, aka ce ya bar keke.

A zahiri, wannan ƙafa ce mai saurin warkewa. Jini na zuwa, ƙashi lafiya, ƙwayoyin cutar sun mutu cikin kwana goma.

Akwai ƙa'idar da muke bi, wadda ta fito daga binciken Peter Sheehan na 2003 a kan majinyata 203: a duba yadda gyambo ya ragu a mako huɗun farko. Waɗanda nasu ya ragu da fiye da rabi, kashi 58 cikin 100 sun warke a mako na 12. Waɗanda nasu bai kai haka ba, kashi 9 kacal. A mako na huɗu gyambon telanmu da ƙyar ya rage ɗaya bisa huɗu na santimita a tsawo. A mako na takwas yana nan yadda yake, cikinsa fari-fari babu jan naman da ke nuna tsiro, gefensa kuma kanta sai sake taruwa take. Aka sake hoton ƙashi, aka sake auna gudun jini, aka duba ƙoda da yawan jini. Babu wani sabon abu. Sugan yatsa kuwa kullum a sama.

Abin da ƙasan takalmi ya nuna

Kanta ba ta taruwa a ƙafar da ba a takawa. Wata safiya ina kwance masa ɗauri na juya takalmin na dubi ƙasansa. Wata biyu a hannunsa, amma zanen robar yana nan da kaifinsa, ƙurar hanyar asibiti ce kawai a jiki. Bandejin da na kwance kuwa ƙasansa baƙi ƙirin, ya yi tauri da ƙasar tsakar gida, har da ɓurɓushin toka. A bakin ƙofar asibiti ake sa takalmin, a gida kuma bandeji ne ke shan taku. Na ce ya miƙo kwalbar insulin. An rubuta masa ita tun makonni uku da suka wuce, ya kamata a ce ta kusa ƙarewa, amma ko rabi ba ta kai ba.

Cire takalmi ba shi kaɗai ke yi ba. A 2003 Armstrong ya maƙala na'urar ƙirga taku a ƙugun majinyata 20, ya ɓoye wata a jikin takalminsu, ya tarar kashi 28 cikin 100 na takunsu na yini kawai suke yi da takalmin. Da yawa nauyinsa ne ke damunsu, ko zafi, ko ganin cewa ai daga ɗaki zuwa banɗaki ne. Irin waɗannan in ka yi musu magana sai su yi dariya, su ba da uzuri. Shi wannan bawan Allah da na nuna masa ƙasan takalmin, kallo kawai ya yi, ya ce, "Haka ne, Sista." Bai kare kansa ba, bai yi alkawari ba. Wannan shirun ya fi takalmin tayar mini da hankali.

Uwargidansa ce ta buɗe mana sauran a baranda. Ta ce Malam ba ya barci. Wajen ƙarfe biyu ko uku na dare yake tashi ya yi ta zagaye tsakar gida ba takalmi har a kira assalatu. Tuwo sai ya taɓa loma biyu ya ture, yini yake a kan shayi mai suga da burodi. Ya daina zuwa masallaci tun ranar da wani yaro ya toshe hanci a sahu. Majalisar da ya yi shekara da shekaru yana zama bayan la'asar ya yanke ƙafa, in abokai sun zo dubiya ya ce a ce yana barci. Rediyon da ba ya rabuwa da shi yana rataye batir ya mutu a ciki. Allura kuma in ta tuna masa sai ya ce ta ajiye zai yi. "Ni dai, Sista, ba Malam ɗin da na sani ba ne wannan," in ji ta.

Ranar wanki na gaba na sa aka bar mu mu biyu, na rufe ƙofa, na zauna a kujera maimakon tsayuwa a kansa.

"Baba, yau ba ƙafa zan tambaya ba. Kai kanka yaya kake?"

"Alhamdulillahi."

"A makonni biyun nan, akwai abin da ya faranta maka rai? Ko da ƙaramin abu ne."

Ya daɗe bai amsa ba. Sannan ya ce, "'Yar nan, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Na ce haka ne, amma abin da ke cikin nan ya fara fitowa ta ƙafa, shi ya sa na tambaya. A nan ne ya faɗi abin da babu wanda ya rubuta a katinsa. Wansa, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ma suga ne da shi. An yanke masa yatsa, aka yanke ƙafa, bai cika shekara ba ya rasu. "A gidanmu ƙafa ce ke fara tafiya, sannan mutum ya bi ta. To mene ne amfanin in cinye jarin yara a kan allura?" Shago ya koma hannun yaran da ya koya wa ɗinki, masu kawo kaya sun watse, shi da ke ciyar da gida yanzu ɗansa ke ajiye masa kuɗin cefane a ƙarƙashin filo.

Tsoronsa ba tatsuniya ba ce, kuma ban ce masa tatsuniya ba ce. A binciken MEDFUN da aka yi a manyan asibitoci shida na Najeriya, har da na Kano da Zariya, tsakanin Maris 2016 da Afrilu 2017, cikin mutum 336 da aka kwantar saboda gyambon suga an yanke wa kashi 35.4 cikin 100 wani sashe na ƙafa, kusan ɗaya cikin biyar kuma sun rasu a asibiti. Abin da ciwon damuwa ya yi masa shi ne ya rufe masa ido daga ganin cewa ƙafarsa ba ta cikin waɗancan da suka zo a ruɓe. Hukunci ya riga ya yanke wa kansa, yana jiran ranar zartarwa.

Na bi shi da tambayoyi tara na PHQ-9, ma'aunin ciwon damuwa, da baki, da Hausa: barci, cin abinci, kasala, tattara hankali, ganin kai ba shi da amfani, da sauransu. Ma'aunin yana tafiya daga 0 zuwa 27, kuma daga 10 zuwa sama ake ɗaukar abin da muhimmanci. Ya samu 19. Tambaya ta tara ita ce mai nauyi a baki, kuma dole a yi ta: ko yana tunanin gara ma ya mutu, ko ya cutar da kansa. Ya ce, "Kashe kai haramun ne, ba zan yi ba. Amma in na kwanta ina roƙon Allah kada in wayi gari." Daga ranar kwalbar insulin ta koma hannun uwargida, don yawan insulin kisa yake yi, kuma ba a barin sa a hannun wanda ke cikin wannan hali.

Likita ya gan shi a ranar, ya tabbatar da abin da ma'aunin ya nuna. Yawan suga shi kaɗai yana kawo kasala da rama, ƙarancin jini da ciwon ƙoda ma haka. Sai dai waɗannan ba sa sa mutum ya ji ya zama kaya a kan iyalinsa, ba sa raba shi da abokai, ba sa tashinsa tsakar dare da tunanin kabari. Ciwon damuwa ne mai tsanani, kuma ya fi wata uku yana cinsa.

Ta ina damuwa ke shiga miki

Hanya ta farko ita ce wadda muka gani da ido a takalmi da kwalba. Wanki a asibiti minti ashirin ne, sau biyu ko uku a mako. Sauran sa'o'in duk na majinyaci ne: ya yi allura a kan lokaci, ya ci abin da ya dace, ya ɗaura takalmi ko da fitsari zai fita, ya hana ruwa taɓa ɗauri, ya dawo ranar da aka ce. Kowanne daga cikin waɗannan yana bukatar mutum ya yarda cewa gobe tana da amfani, kuma wannan yardar ce ciwon damuwa ke fara cinyewa. Nazarin da Robin DiMatteo ta jagoranta a 2000, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna yiwuwar mai ciwon damuwa ya kasa bin umarnin likita ta ninka ta wanda ba shi da shi sau uku. A kati mukan rubuta "ba ya bin doka", mu ƙara masa faɗa. Faɗa kuwa ga wanda ya riga ya ɗauki kansa ba komai ba, ƙarin hujja ce a kansa.

Hanya ta biyu a cikin jini take. Miki yana warkewa ne daki-daki: jini ya daskare, ƙwayoyin garkuwar jiki su zo su share wurin, sabon nama da ƙananan jijiyoyin jini su tsiro, sannan fata ta rarrafo daga gefe ta rufe. Gyambon suga dama yakan maƙale a matakin sharar nan ya kasa wucewa. Damuwa mai tsawo tana dagula sinadarin kotisol da halittun da ke saman ƙoda ke fitarwa. Kotisol yana danne saƙonnin da ke kiran ƙwayoyin garkuwa zuwa miki, yana rage saƙar sabon nama, kuma yana ɗaga suga. Adirenalin, wanda ke tashi tare da fargaba, yana matse ƙananan jijiyoyin jinin fata. Ga rashin barci, ga cikin da babu nama, babu wake, babu ƙwai, sai shayi. Jiki ba ya gina nama da shayi.

An gwada wannan a kan mutanen da ba su da ciwon suga ma. A 1995, a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka, Janice Kiecolt-Glaser ta yi wa mata 26 ɗan miki iri ɗaya a hannu, faɗin milimita 3.5. Goma sha uku daga cikinsu suna jinyar 'yan uwa masu ciwon gigin tsufa, sauran kuma ba sa ɗauke da wannan nauyi. Na masu jinyar ya ɗauki matsakaicin kwana 48.7 kafin ya rufe, na sauran 39.3. Kwana tara ke nan a kan ɗan ƙaramin miki mai tsabta, a jikin da jijiyoyinsa ke lafiya.

A kan gyambon suga kansa, Kavita Vedhara da abokan aikinta a Ingila sun bi majinyata 93 tsawon mako 24, suka wallafa a 2010. Masu ciwon damuwa gyambonsu ya fi jinkirin raguwa. Waɗanda nasu bai rufe ba an same su da wani salon tashi da saukar kotisol dabam da na waɗanda suka warke. A wannan binciken dai abin da ya fi hasashen rashin rufewa gaba ɗaya shi ne halin masu son tunkarar ciwo da ƙarfi da gaggawa, waɗanda zaman jira ke gundura. Wannan ma darasi ne ga mai wankin ciwo, don majinyaci mai zafin nama da ke son komawa kasuwa gobe shi ma yana taka gyambonsa. Wani bincike a birnin Seattle na Amurka a kan mutum 3,474 masu ciwon suga da ba su taɓa yin gyambo ba ya nuna masu ciwon damuwa mai tsanani sun ninka sauran sau biyu wajen samun gyambon farko. Dama tun 2001 aka nuna cewa ciwon damuwa ya kusa ninkawa sau biyu a tsakanin masu ciwon suga. Wato sau da yawa damuwar ta riga gyambon zuwa, gyambon ya zo ya ƙara mata itace.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na kudancin Landan. Khalida Ismail da Kirsty Winkley na King's College sun bi mutum 253 da suka yi gyambon suga na farko. Kusan ɗaya cikin uku suna da ciwon damuwa. Cikin wata 18 mutum 40 sun rasu, kuma haɗarin mutuwa ga masu damuwar ya kai kusan ninki uku, ko bayan an yi la'akari da shekaru, girman gyambo da sauran cututtuka. Ba su sami alaƙa tsakanin damuwa da yanke ƙafa ba. Da mutuwa suka samu. Da aka sake dubawa bayan shekara biyar, 92 sun rasu, haɗarin masu damuwa kuma yana nan ninki biyu. Don haka in majinyaci ya ce mini yana jin ba zai daɗe ba, ba na cewa ya daina faɗin haka. Ina jin sa ne a matsayin alamar ciwo da ke bukatar magani.

Abin da aka yi masa

Da likita ya ambaci likitan ƙwaƙwalwa, fuskarsa ta canza. "Yanzu kuma Dawanau za ku tura ni? Na zo da ƙafa ku ce na haukace?" Ba mu tura shi ko'ina ba. Likitan ƙwaƙwalwar ne ya riƙa zuwa ɗakin wankin ciwo a ranar da yake da wanki, don kada a ƙara masa kuɗin mota da wani layin, kada kuma 'yan unguwa su gan shi a ƙofar da yake jin kunya. Aka yi masa bayani da abin da ya sani: yadda suga ya taɓa jijiyar ƙafa, haka doguwar wahala ke taɓa barci da ci da ƙarfin zuciya, kuma wannan ba raunin imani ba ne.

An zaɓar masa maganin damuwa mai suna sertraline, aka fara da kaɗan aka kai miligiram 50 a rana. Amitriptyline, wani maganin damuwar, ya fi arha kuma yana rage zugin jijiya, amma yana ƙara ƙiba, yana sa jiri in an miƙe, yana iya taɓa bugun zuciya, kuma yawansa yana kisa. Mutum mai dogara sanda, mai roƙon kada ya wayi gari, ba a ajiye masa irin wannan a ɗaki. An gaya masa da iyalinsa tun farko cewa maganin ba ya aiki a kwana biyu, sai an yi mako biyu zuwa huɗu ko fiye, kuma zai iya jin tashin zuciya a farko. An ce a ƙara lura da suga, don in ci ya canza ko allura ta daidaita, suga na iya faɗuwa ƙasa.

Sauran aikin ba na kwalba ba ne. Mun roƙi babban ɗansa ya yi magana da limamin unguwa, kuma limamin ya zo gida da kansa. Ya tabbatar masa da abin da ya sani amma zuciyarsa ta ƙi karɓa: shafa a kan ɗauri ya isar a alwala, sallah a zaune kuma ta inganta ga mai lalura. Wannan yana da amfani ga ciwon kai tsaye, domin a sujada da zaman tahiya ana lanƙwasa yatsun ƙafar dama, nauyi ya sauka daidai gindin babban yatsa inda gyambon yake, ruwan alwala kuma yana jiƙa ɗauri. Wari dama ya tafi tun da mugunya ta ƙare, shi ne bai yarda ba, sai da ɗansa ya rantse masa. Aka ajiye masa kujera a ƙarshen sahu, ya fara da magariba kaɗai.

Batun sana'a ya fi komai wuya, kuma a ganina shi ne ya fi komai tasiri. Hana tela keke ba tare da ba shi wani abin yi ba, raba shi da kansa ne. Aka shirya yaran shago su riƙa kawo masa yadi gida, ya auna, ya yanka a kan tebur yana zaune ƙafa a miƙe kan benci, su su ɗinka. Yankan babbar riga da kaftani ba kowane yaro ya iya ba, shi ma ya san haka. Ranar da ya zo wanki da alli a aljihun gaba da zare maƙale a hula, na san wani abu ya juya.

Aka sauƙaƙa allura yadda uwargida za ta iya riƙewa. Aka tsara abinci da abin da gidan ke iya saye: wake, ƙwai, kifi busasshe, ganye, aka rage tuwo, aka cire suga daga shayi. A mako na uku da fara magani barci ya fara dawowa, zagayen dare ya tsaya. A lokacin ne likita ya sake kawo maganar filastar da ba a cirewa, tunda babu sauran mugunya kuma jini na gudu. Wannan karon telan ya ce a sa. Duk mako ake fasa ta a duba a sake wata.

Mako huɗu da sa filasta gyambon ya ragu da fiye da rabi, cikinsa ya yi ja jawur, siririn farin layin sabuwar fata ya zagaye gefe. Makinsa na PHQ-9 ya sauko zuwa 11, daga baya 6. A mako na 21 daga ranar da ya fara zuwa, fata ta rufe. HbA1c ya sauko 8.1.

Ba zan ce ƙwayar sertraline ce ta rufe gyambon ba. Filasta ce ta ɗauke nauyi, insulin ya sauke suga, abinci ya ba jiki abin gini. Amma duk waɗannan suna gabansa tun makon farko, bai iya miƙa hannu ya ɗauka ba. Gwaje-gwajen Wayne Katon a Seattle sun nuna irin wannan. A na 2004, da aka kula da damuwar masu ciwon suga ita kaɗai, damuwar ta yi sauƙi amma suga bai sauka ba. A na 2010, mai majinyata 214, da aka sa nas ɗaya ta riƙe damuwa da suga da hawan jini da kitsen jini a lokaci guda tare da likitoci, duka huɗun sun gyaru. Abin da ya yi wa telanmu aiki ke nan: ba a raba ƙafarsa da zuciyarsa zuwa ƙofa biyu ba.

Inda ake yanzu

Rufewar fata ba sallama ba ce. Kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda gyambonsu ya warke suna sake yin wani cikin shekara guda, kusan 65 kuma cikin shekara biyar, don jijiyar da ta mutu ba ta dawowa. An yi masa takalmi mai faɗin baki da shimfiɗa mai laushi a ciki, an haƙe wurin gindin yatsan don kada ya taɓa. Uwargida ke duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowane dare da tocila. An sa wa kekensa mota ta lantarki, yana danna ta da ƙafar hagu, in babu wuta kuma yanka yake yi, an hana shi komawa feda. Saboda abin da binciken Landan ya nuna, an ƙara masa maganin kitsen jini, ana bin hawan jininsa da ƙodarsa a kai a kai.

Sertraline zai ci gaba da sha har wata tara zuwa shekara bayan ya dawo daidai, sannan a janye a hankali. Ya taɓa dainawa na kwana goma da ya ji sauƙi, barci ya fara gudu, ya koma da kansa. Duk wata yana zuwa a yanke kantar da ke sake tasowa a wurin tabon, kuma a kowane zuwa, kafin a kwance takalmi, ana yi masa tambayoyi biyu na farkon ma'aunin: ko ransa na ɓaci, ko ya daina jin daɗin abin da ya saba jin daɗinsa. Amsar tana shiga kati a layi ɗaya da awon suga.